Sittin da Ɗaya Cikin Ɗari

Sun ce a turo kafin sha biyun dare.
Tun la'asar nake shagon Jazuli,
a Bur Sudan, bayan masu gasa kifi,
inda fanka ke juyi kamar mai gyangyaɗi.
Na danna, na haɗiye yawu.

Minti goma sha huɗu ne fim ɗin, kacal.
A kangayen Sawakin muka ɗauke shi,
tsakanin gidajen murjani da suka durƙusa,
da waya ɗaya, tocila biyu,
da zanen gadon inna, wanda har yau take cigiya.
Jinin kuwa zoɓo ne da sitaci.
Ƙudaje ne suka fara gaskata shi.

Iya Tabawa ce fatalwar.
Ta ce a nan kakanta ya jira jirgin Makka
shekara bakwai, har ƙasa ta riga jirgin.
Sau tara muna sake ɗauka,
don da ta yaye zanen sai dariya ta ƙwace mata,
haƙoranta uku suna haska dare.
A na goma kyanwa ta yi kuka bayan bango.
Iya ta tsaya cak,
ta kira wani suna da ban rubuta ba.
Shi muka bari.

Takardar bikin akwai tambaya.
Harshe? Na bi jerin daga sama har ƙasa,
babu namu; na zaɓi "wani dabam".
Kuɗin shiga? Ɗan kawuna da ke wankin mota a Jidda
ya biya, da sharaɗin sunansa ya fito da manyan baƙaƙe.
Fassara? Kwana uku ina kokawa da kurwa.
Larabci ya miƙo ruhi, na ce ba ita ba ce,
Turanci ya miƙo inuwa, na karɓa don dole.
Sai ta ƙarshe: shin abin ya faru da gaske?
Na bar gurbin fari fat.

Me zan ce musu?
Rabin 'yan wasana daga Kartum suka iso,
takalmi a hannu, makullin gida a wuya.
Mujtaba, yaron da ya riƙe mini tocila,
dodo ba ya ɗaga masa gira,
amma iska ta buga ƙofa, sai ka same shi ƙarƙashin benci.
Ya ce fim ɗina wurin hutawa ne,
tsoro mai ladabi,
wanda ke tafiya in an kunna fitila.

Sittin da ɗaya cikin ɗari, wuta ta ɗauke.
Jazuli ya ja igiyar janareta,
ta yi tarin tsohon mashayi, ta yi shiru.
Muka kwashi kwamfuta muka hau soro,
na ɗaga waya sama ina roƙon sandar sabis ɗaya,
fuskata ga teku, ga garin da ke tsallake,
inda alƙalai ke zaune cikin sanyi
suna jiran a razana su.

Sha ɗaya da kwata Iya ta aiko jikarta:
wai an sa ta a jirgin, ko ita ma jira za ta yi?

Na dubi allo.
Na ce a gaya mata ta ɗaura zane.
Sittin da biyu.