Wayar da Ta Saɓule

Shekara sha tara ina gyaran wuta a Dilimi,
na san waya tun daga warinta in ta ƙone.
Fanka, dutsen guga, rediyon da ta girmi mai ita,
duk wanda ya shigo shagona bebe, da murya yake fita.
Sai wata Talata filaya ta suɓuce mini,
na sunkuya in ɗauka,
yatsuna suka ce ba su san ni ba.

Idon hagu ya bi baya, yana gani dishi-dishi,
sati uku ya washe, na ce gajiya ce.
Ƙafa ta karɓa: ina taka kwalta kamar auduga.
Gwaggo Laure ta ce sammu ne, ta turara ni har na yi tari.
Surukina ya rantse basir ne, ya kawo jarka.
Na sha ɗaci har harshena ya manta zaƙi.

A Lamingo aka tura ni cikin wata na'ura,
ƙunci kamar kushewa, amma da fitila,
tana dukan ƙarfe a kunnena babu hutawa.
Likita Nanret ta ɗaga hoton ga haske:
fararen ɗigo a ƙwaƙwalwata, kamar an barbaɗa gishiri.
Ta faɗi sunan ciwon, dogo ne, Em-Es a taƙaice.
Ta fara bayani, na tare ta.
"Jijiya tana da riga?" Ta ce tana da.
"Masu gadin jikina ne ke yage ta?" Ta ce su ne.
"To na gane, likita. Waya ce ta saɓule,
wuta na tafiya, tana zuba a hanya."

Sannan na yi tambayar da ta tsaya mini a wuya:
"Ana warkewa?"
Ba ta shafa mini zuma a baki ba.
"Mai tumɓuke shi da saiwa, ba a samo ba tukuna.
Amma ana sa masa linzami."

Linzamin nan, ni na san nauyinsa.
In ya taso, kwana uku ina kallon ruwa na ɗiga cikin jijiya.
In ya lafa, akwai maganin da ke jinkirta dawowarsa,
kuɗinsa ya ci filin da na saya a hanyar Bauci,
Bara'atu ta sa hannu a takardar, ba ta ko kalle ni ba,
don kada in ga idonta.
Na yar da sigari a kwatar ƙofar asibiti.
Da safe ina miƙe ƙafa sau goma jikin bango,
Nusaiba na ƙirga mini, tana tsallake bakwai.

Na je Abuja biki, rana ta narkar da ni,
kafin azahar ƙafafuna sun zama na aro.
Na dawo Jos, sanyi ya mayar mini da su.
Sanyin da nake zagi tun ina yaro
yau shi ne maƙwabcin da ya fi kowa kirki.

Wata rana lafiya lau, har in manta sanda a masallaci.
Wata rana cokali ma dutse ne.
Na daina yi wa gobe alkawari da ƙarfi,
ina cewa in Allah Ya so, kuma yanzu na san me nake faɗa.

Ban rufe shago ba.
Ɗanliti ne hannuna, ni ne kunnensa da hancinsa.
Jiya wata mata ta kawo fanka, ta ce an ce ta mutu.
Na shinshina, na ce ya buɗe ta.
Waya ɗaya ce tsirara a ciki.
"Ba za ta koma sabuwa ba, hajiya," na ce,
"naɗe ta za mu yi."
Yaron ya naɗe, ya sa a wuta.
Ta yi jim, ta yi ƙara,
sannan ta kwashe mana rasit daga kan tebur.