Zuwa Ga Mai Sanye Da Sunana

Kai da ke yawo da sunana a Kumasi,
bai matse ka a hammata ba?
Tela ne ni, dole in tambaya.
Daidai jikina aka yanka shi a Aboabo,
da rago, da goro ƙwarya biyu,
liman ya raɗa mini: Mumuni.

Daren da ruwa ke dukan kwano saƙonka ya shigo,
wai ana neman teloli a ƙetare.
Na shimfiɗa katina bisa keken ɗinki,
na ɗauke shi gaba da baya.
Na tsaya jikin farin yadi,
har da gyara hula,
don kada ka raina ni.

Da safe ka kira.
Ka gaishe ni da Hausar Zango,
ka tambayi gwiwata, ka tambayi yara.
Ka ce lambobi shida za su shigo yanzu.
Na karanto maka su ɗaya bayan ɗaya
kamar yaro mai biya allo.

Yanzu ga ni da bashin sidi dubu huɗu
da ban ci ko wake da shi ba.
Ƙanwata Zuwera daga Nima ta tura ɗari uku,
wai ina kwance asibiti, an sa mini ruwa.
Ta kwana tana kuka.
Ni ina nan ina kafa maɓalli.

A ofis na Adum, yarinya bayan gilashi
ta ce in kawo shaidar ni ne ni.
Na miƙa mata ɗan yatsana,
inda allura ta shekara talatin tana kiwo.
Ta duba, ta duba na'ura.
Ta ce: Baba, wannan ba ya ciki.

To, ji.
Idan ka gama da shi kada ka jefa a kwata.
Rataye shi a ƙofar shago cikin dare.
Zan wanke, zan farke inda ka ɓata,
in bi da zare mai kama.
Na iya wannan.

Abin da ban iya ba:
jiya na kira Zuwera in ce ta huce.
Ta yi shiru, ina jin numfashinta.
Can ta ce:
Idan kai ne,
me Inna ke kiranka in ta yi fushi?