Fatar Majemi

Kafin ladanin Birni ya gyara murya
na riga na ji tarin Baba ta bango.
Tari biyu, ruwa yake so.
Uku, a juya shi.
In shiru ya yi yawa, shi ne nake tashi da gudu ba takalmi.

Shekara arba'in ya yi a majema,
gwiwa cikin ruwan toka, hannu cikin bagaruwa.
Fatar akuya ta zo masa da gashi da wari,
ta bar hannunsa tana naɗewa kamar ƙyalle.
Dukawan Zango ba sa taya fatarsa sau biyu.
Yau hannun daman nan yana kwance kan tabarma
kamar baƙon da ba a san mai masaukinsa ba.
Hawan jini ya bi rabin jikinsa ya kulle,
ya tafi da makullin.

Famfon unguwa ya kwana tara bai ɗiga ba.
Mai garuwa ya ce jarka ta ƙara dala biyar,
na ce kawo uku.
Ɗaya ta girki, ɗaya ta sha da alwala,
ɗaya ta Baba ce, ba mai taɓa ta.
Barira ta ɗumama rabi a kan gawayi,
ta ajiye bakin ƙofa, ta saki labule, ta koma.
Daga nan aikin nawa ne.

Ranar farko da na kwance masa wando
ya juya fuska bango, ni na kalli azara,
muka gama wanka ba wanda ya ga wani.
Yanzu wata goma sha ɗaya.
Na san ƙashin bayansa kamar ƴaƴan carbi,
na san inda kwanciya ke son cin nama:
gefen ƙugu, kafaɗa, dunduniya.
Ina murza man kaɗanya a tafi har ya narke,
in bi shi a hankali, yadda ya koya mini ina yaro:
kada ka ja, lallashi ake yi,
fata tana riƙe wanda ya ci zalinta.

Sanda ya bugo daga Arlit, ya turo jika goma,
ya ce a gaishe da tsoho, layin ba kyau.
Takardar likita ta cinye takwas.
Ba zan ɓoye ba, akwai daren da aka ɗauke wuta,
zafin duwatsu ya sauko ya cika ɗaki,
ya ɓata shimfiɗa karo na uku.
Na fita tsakar gida na zauna kan turmi,
na faɗa wa Allah abin da ba zan maimaita ba.
Sannan na yi istigfari,
na je igiya na ciro wani zane.

Ni ne ɗan fari.
Tun da aka yanka ragona bakinsa bai kama sunana ba.
Kai. Yaron nan. Ina mutumin?
Ƙannena ya kira su da suna, yaran majema da suna,
har akuyar gida tana da nata.
Ni kunya ta rufe ni kamar faifai kan ƙwarya.

Jiya ina ba shi kunun tsamiya, cokali cokali,
rabi na shiga, rabi na bin gemu,
sai ya kama wuyan hannuna da hannun da ya rage masa.
Bakin da ya karkace ya yi ta kokawa da harafi.
Mu. Mu.
Na ce ruwa? Na ce a tashe ka?
Ya ce, Mutari.

Ban amsa ba.
Ban san yadda ake amsa masa ba.
Na goge masa gemu da gefen rigata.
Kunu ya huce a hannuna,
a waje mai garuwa yana buga ƙofa,
yana son jarkokinsa.