Akwatin da Ba Ya Gaisuwa

Shekara ashirin da uku
ni ke sauka gindin gada bayan asuba,
in naɗe ƙafar wando, in duƙa,
in karanta tsayin kogi a jikin sanda mai zanen baƙi da fari,
in rubuta da fensir a littafin da gumi ya cinye wa kusurwa.
Ran Juma'a in ba direban Auyo ya kai Dutse.
Kafin lambar ta isa
ruwan da na auna ya daɗe da wuce Haɗeja.

Bara suka zo da motar ofis.
Suka ɗaure farin akwati a leɓen gada,
faifan sola a kansa kamar malafa,
da layin waya a cikinsa, irin nawa, har kati ake sa masa.
Injiniya Hansatu ta ce ba ya taɓa ruwa:
tsawa yake yi wa kogi, wadda kunnen mutum ba ya kamawa,
ya jira amsa-kuwwa, ya ƙirga.
Na ce, to, jemage kuka kawo mana.
Ni kuwa aka mai da ni mai gadinsa.

Ta nuna mini a wayarta.
Ta rubuta: TSAYI?
Ban gama gyara hula ba ya ce: 1.08
Ta rubuta: BATIR?
Ya ce: 12.6
Ba sallama, ba ina gajiya, ba ya iyali.
A tambaye shi daga Dutse, ya amsa daga nan,
ni da ke zaune a inuwarsa ban ji komai ba.

A Agusta ruwa ya fara hawa.
Na san hawansa.
Ya yi ja, ya taho da kainuwa da karan gero
da takalmin wani, wari ɗaya.
Laraba ya lashi saiwar kanya.
Alhamis ya shiga shinkafar Barau, bai nemi izini ba.

Na kira ta.
Ta ce, Baba Tanimu, yanzun nan na tambaye shi,
biyu da ɗigo sha huɗu.
Jiya fa?
Haka.
Shekaranjiya?
Sai ta yi jim.
Na ce, 'yar nan, a damina
ban taɓa ganin kogi ya kwana uku a tsaye ba.

Na kwanta rubda ciki a kan gada,
gwiwa na ƙara, na leƙa ƙarƙashinsa.
Ashe zanzaro ne.
Ya yi gini da laka a bakin akwatin,
ɗaki uku, har da shafe.
Bawan Allah yana ta tsawa a cikin bango,
da bai ji kogi ba
sai ya riƙe lambar ƙarshe, yana ba duk wanda ya tambaya.

Na kankare da kara.
Mai gidan ya sallame ni a babban yatsa.
Na ce, sake tambayarsa.

Na ji danne-dannenta.
Na ji ta karanta a hankali: uku da ɗigo saba'in da ɗaya.
Na ji kujera ta ja baya,
na ji tana kiran sunayen garuruwan da ke ƙasa da mu
ɗaya bayan ɗaya, a gaya musu su kwashe buhu da tumaki.
Katina yana ta ƙonewa, ban kashe ba.

Can ta dawo.
Ta ce, Baba.
Ta ce, ina wuni? Ya gida?

Yanzu kullum da asuba
ina goge masa baki da gefen rawani,
in ce masa ina kwana, ko da ba zai amsa ba.
Sannan in sauka wurin tsohuwar sanda.
Na sayi sabon littafi a kasuwar Auyo,
na ja layi biyu:
ɗaya na lamba,
ɗaya na launin ruwa da abin da ya ɗauko,
tunda wannan ba wanda ya koya masa tambayar.