Abin da Na Yanke Daga Kogin Aboabo

Kyamarar aro ce, ta Masahudu surukina,
igiyarta ta tsinke, na ɗinke ta da zaren wando.
Ni tela ne. Abin da na sani shi ne yanka:
inda almakashi ya bi, nan riga take ƙarewa.

Ruwan Yuni ya kwana yana dukan kwanon Kumasi.
Da asuba ban buɗe shago ba,
na gangara bayan gadar Aboabo
inda kogi ke faɗowa daga bakin kwalbati,
tsayin mutum ɗaya da rabi, ba ƙari.
Masu hali na shiga mota har Kintampo
su tsaya ƙarƙashin ruwa mai zubowa daga dutse.
Ni sidi nawa ne a aljihuna?
Wannan ne nawa.

Na ɗauka sau talatin da huɗu.
Kowanne na dasa ruwan a tsakiya
kamar ango a hoton biki,
ya sandare, ya ƙame, ba ya numfashi.

Sai na kai wa Baba Gariba.
Shekara arba'in ya yi yana ɗaukar fuskokin Zango,
yanzu ido ɗaya ya tafi, ɗayan na haɗa kaya.
Ya kawo gilashin har kan hancinsa,
ya daɗe, ya ce:

"Wa ya ce maka ruwa sarki ne
da za ka kafa masa kujera a tsakar fada?
Matsar da shi gefe. Bar masa hanya.
Mai tafiya, gabansa ake buɗe masa.
Kuma ka tsaya ƙiƙam kamar mai karɓar haraji.
Durƙusa. Gwiwarka ba ta fi laka daraja ba.
Nemo dutse guda ka ajiye a bakin hoton,
ido ma baƙo ne, yana son dakali
kafin ya shiga gida."

Na koma ran Talata. Na durƙusa.
Wandona ya sha abin da ba na faɗa.
Na ɗora kyamara kan bulo, na riƙe numfashi,
na bar idonta a buɗe ɗan lokaci,
sai ruwan ya fito fari, sumul,
kamar farin yadi da aka warware daga bandir.
Daga hagu akwai leda, baƙa, da robar ruwa,
da takalmin yaro ƙafa ɗaya.
Na yi abin da hannuna ya iya:
na yanke.

Baba Gariba ya duba, ya ce, "Ya yi kyau.
Ina ne nan?"
Na ce, "Aboabo mana."
Ya ce, "A'a.
Aboabo na sani, na yi wanka a cikinsa
tun yana da kifi, tun mata na wanke gero a bakinsa.
Wannan kogin ba shi da unguwa.
Ka yi masa rigar sallah, ka ɓoye masa ciwon."

Ban amsa ba. Na ji haushi har Juma'a.

Ran Asabar hadari ya rufe rana,
hasken ya yi laushi, yadda yake so.
Na ja baya taku uku.
Ruwan na dama, yana da hanyarsa.
Dutsen na ƙasa, yana jiran ido.
Ledar na nan. Takalmin na nan.
Can sama, kan gada, wata mai tallan koko
ta tsaya tana leƙen ƙasa,
ban kira ta ba, ban kore ta ba.

Shi na wanke, na manna a bangon shago
tsakanin kalanda da madubi.
Masu zuwa awo sukan ce,
"Kai, ga bayan gidanmu!"
Wasu su yi dariya.
Wata tsohuwa, Damata, ba ta yi ba.
Ta sa yatsa kan takalmin,
ta tambaye ni ko na ga ɗayan.