Ginshiƙi na Huɗu

Kwana tara ke nan da ƙasa ta motsa kafaɗa
ta zubar da unguwarmu kamar ruwan wanki.
Dusar ƙanƙara na sauka a kan tantuna,
iskar duwatsun gabashin Turkiyya na yankan kunne,
mu kuwa muna layin miya, kowa da kofinsa,
kowa da sunan wanda ya kashe mu a bakinsa.

Nevzat mai gyaran agogo ya ce ɗan kwangila ne,
ya cinye siminti ya bar mu da yashi,
rodin da ya sa bai kai kaurin yatsar jinjiri ba.
Gulizar ta ce a'a, mai hatimi ne,
wanda ake tura wa ambulan ƙarƙashin farantin shayi.
Wani tsoho ya ɗaga sanda sama, ya ce zunubi ne,
ku dubi gidan cacar da ke bayan tasha.
Muka duba. Yana nan tsaye, ko gilashi bai tsage ba.
Makarantar yara ce ta durƙusa.
Ya sauke sandar, ya miƙa kofinsa.

Shekaranjiya an kama wani yaro ɗan gudun hijira
da bargo biyu da gwangwanin madara.
Aka rufe shi da duka har ya daina kare fuska.
Na lura da ƙafafun masu dukan:
rabinsu sababbin takalma ne,
takardar farashi ba ta ma ɓalle ba.

Kada in yi mana ƙarya, akwai alheri.
Perihan, da ta shekara bakwai tana gaba da maƙwabciyarta
a kan igiyar shanya,
ita ta tono ta da farce, tana kiran sunanta har murya ta dushe.
Yau na ji su suna zage-zage a kan murhu.
Na ce to, rai ya fara dawowa.

Masu talabijin sun zo da motoci farare.
Suka ce wa wata uwa ta sake kukan,
wai ɗazu na'urar ba ta ɗauka ba.

An ce laifi tudu ne.
Tudun da muke takawa yanzu baraguzai ne,
kuma daga samansa kowa na hango na wani tar.

Ni Tahsin, mai sayar da darduma a ƙasan bene mai hawa shida,
ban ce komai ba a layin miya.
Shekara goma sha ɗaya da suka wuce
akwai ginshiƙi a tsakiyar shagona,
na huɗu in ka ƙirgo daga ƙofa.
Yana hana ni shimfiɗa babbar darduma mai saye ya ga kyanta.
Na kira samari biyu da guduma, cikin dare.
Kwana uku suka yi.
Ran buɗewa unguwa duk ta zo, aka sha shayi,
ana cewa kai, wannan fili haka!
Nevzat ne ya riƙe mini tsani da na rataya fitila
daidai inda ginshiƙin yake dā.

Mutum talatin da ɗaya ke kwana a samana.
Na san ƙarar takun kowannensu.

Gobe za a tafi gidan ɗan kwangila.
Nevzat ya zo tantina bayan isha'i,
bai dube ni ba, ban dube shi ba,
ya sa mini dutse a hannu ya ce kada ka makara.
Da ya fita na kai shi kusa da kyandir.
Gutsuren kankare ne, gefe ɗaya da shuɗin fenti.
Ni na zaɓi shuɗin nan.
Yana aljihun kwat ɗina yanzu,
yana janyo kafaɗata ƙasa ta gefe guda,
kuma har yanzu asuba ba ta yi ba.