Kwabon Kuyambana

Labbo ya zo rumfata ran Talata,
rana ta take tsaka, garwashina ya yi sanyi.
Ya kwance ƙullin tsumma a kan uwar maƙera:
sulalla tara na zamanin da,
da munduwar matarsa, Allah ya jiƙan Kuluwa.

Ya ce, "Nomau, jikana ya gwada mini a waya,
wai a wasu ƙasashe, in daji ya yi suna,
sai hukuma ta buga mai kuɗi,
dutse da gulbi da naman ciki, duk a bayan kwabo.
Shekara talatin da ɗaya ina gadin Kuyambana,
ko anini ban ga an buga muna ba.
Narke su duka, ban son ragowa."

Na ce, "Me za a sa a fuskar?"
Ya ce, "Gwanki."
Na yi shiru, ina taɓa zugazugi.
Ni a Gusau aka binne cibiyata,
na ƙera zobe ya fi dubu, da warwaro, da 'yan kunne,
amma gwanki a kirari kaɗai na san shi, sha bara,
ban taɓa ganin ya ɗago kai daga ruwa ba,
ban san sawunsa a laka ba, ni ɗan kasuwa.

Sai tsoho ya durƙusa, gwiwa na ƙara,
ya baje toka da tafin hannu, ya ɗauki tsinke.
"Ƙahon baya yake komawa, kamar lauje.
Kunnen dogo, da ɗan tuntu a baki.
Fuskar baƙi da fari, kamar mai kwallin gaggawa."

Na murza kakin zuma, na miƙa masa.
"Wannan akuya ce."
Na sake.
"Wannan jaki ne da aka ara wa ƙaho."
Sau huɗu ina rushewa,
yaron shagona na ƙunshe dariya a inuwa.

A na biyar bai ce kome ba.
Ya riƙe shi nesa da ido, ya kira sunan wani fadama
da ke yamma da Ɗansadau, inda maɗaci ya karkata,
inda ya taɓa ƙirga sha bakwai da hantsi,
shi da Ɗangwaggo, da goro ɗaya a tsakaninsu.
Yau shekara nawa bai taka hanyar ba.
Masu kwana a dajin yanzu ba su tambayar kowa.

Azurfa ta narke, munduwa ta bi sulalla,
na zuba, na jira, na fasa yumɓu.
Ya ce, "Huda shi a tsaka, irin kwabonmu na da,
yaron ya rataya a wuya."
Na kafa ƙusa, na daka sau ɗaya,
hujin ya faɗa daidai bayan kafaɗa.
Labbo ya daɗe yana dubawa.
"Nan suke nema," in ji shi,
ya zura zare, ya ƙulle, ya tambayi kuɗin ƙira.
Na ce ya bari sai wani zuwa.

Zanen nan na toka, na hana a share.
Kwana uku yana nan a bakin murhu,
har kazar maƙwabta ta shigo tono da yamma,
ta tafi da ƙahon a ƙafa, ta bar mini kunnuwa.